Italiyancin Mai Tattaki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Kwatance a Tsaunukan Italiya

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu shirin tattaki a tsaunukan Italiya, ko ɗalibin da ke karatu a Torino ne, ko ma'aikacin da ya samu hutun ƙarshen mako, ko baƙon da ya zo buɗe ido. Yin tambaya da Italiyanci abu ne mai sauƙi. Inda gizo ke saƙar shi ne gane amsar, don haka a nan aka fi tsayawa.

Ina da waya mai taswira da manhajar fassara. Me zai sa in wahalar da kaina da Italiyanci?

Domin waya takan ci amanar mai ita daidai inda ya fi buƙatarta. A cikin kwari mai zurfi ko a gindin katangar dutse sabis yakan ɗauke, sanyi kuma yana zuƙe caji da sauri. Ko da tana aiki, taswirar ba ta san cewa ruwan daren jiya ya tafi da gada ba, ko an rufe turba saboda zaftarewar ƙasa. Masu wannan labarin su ne wanda ya sauko daga can yanzu, da mai kula da masaukin kan dutse, da makiyayi.

A wuraren da baƙi ke cika, irin su Cinque Terre (ƙauyuka biyar na bakin teku) da Tre Cime di Lavaredo (ƙololuwa uku a tsaunukan Dolomiti), da wuya ka rasa mai jin Turanci. Amma da zarar ka nausa tsaunukan Abruzzo ko tsakiyar tsibirin Sardiniya, sau da yawa wanda za ka tarar dattijo ne da ba ya jin komai sai Italiyanci da karin harshen garinsu. Ka sauke taswirar a wayarka tun kana gida, ka riƙe ta takarda, sannan ka zuba kalmomi 30 zuwa 40 a ka. Sun isa.

Yaya ake karanta rubutun Italiyanci? Ina tsoron in faɗi abu a kasa gane ni.

Bahaushe ya fi Bature ɗan Ingila sa'a a nan. Wasulan da ake rubutawa biyar ne, a, e, i, o, u, kuma kusan yadda muke faɗarsu haka ake faɗa. Ana kaɗa harshe a "r". Sannan suna bambanta baƙi ɗaya da baƙi biyu kamar yadda muke bambanta "daba" da "dabba": *sete* ƙishirwa ce, *sette* kuma bakwai.

Ƙa'idojin da za ka riƙe kaɗan ne. Harafin "c" a gaban "e" ko "i" daidai yake da namu, shi ya sa *cima* (ƙololuwar dutse) yadda ka gan ta haka za ka karanta. A gaban a, o, u kuwa "k" ne, haka ma "ch": *chiuso* (a rufe) "kyuzo" ake cewa. "G" a gaban "e" ko "i" tana zama "j": *rifugio* "rifujo", *giù* "ju". "Sc" a gaban "e" ko "i" ita ce "sh" ɗinmu, "gn" kuma "ny", kamar a *montagna*, wato "montanya". "H" ba a furta ta sam. Yawancin kalmomi ana danna gaɓa ta biyu daga ƙarshe.

Matsalarmu haruffa biyu ce: "p" da "v". Harshenmu ya saba mayar da "p" ta koma "f", ga shi kuwa *ponte* gada ce, *fonte* idon ruwa. Wanda ya tambayi gada aka nuna masa idon ruwa bai da wanda zai zarga. Ka haɗe leɓɓa sosai kafin ka saki "p", ka ɗora haƙoran sama a leɓen ƙasa don "v". Ka yi ta gwadawa da *passo*, *valle*, *bivio* har bakinka ya saba.

Da me zan fara idan na tare mutum a hanya?

Da gaisuwa. A cikin birni ba kowa ke kula kowa ba, amma a kan turbar dutse al'ada ce duk wanda ka yi kiciɓis da shi ku gaisa. *Buongiorno* daga safe zuwa bayan azahar, *buonasera* da yamma. *Salve* tana shiga kowane lokaci, kuma ba ta ɓata wa kowa rai. *Ciao* ta sa'o'i ce da yara, ko da yake matasa masu tattaki suna jefa ta ga kowa.

Bayan gaisuwa sai *scusi* ("skuzi"), wato gafara dai. Wannan siga ce ta girmamawa, irin yadda muke ce wa babba "ku". Ta sa'a ita ce *scusa*. Idan dattijo ne ko dattijuwa, ka tsaya kan *scusi*, ka ƙara *signore* ko *signora* in ka so. Idan an gama maka kwatance ka ce *grazie*, za a amsa da *prego*. Wajen rabuwa *buona giornata* ko *buona camminata*, wato a yi tafiya lafiya.

Waɗanne jimloli ne mafi ƙaranci da za su fid da ni?

Mafi gajarta ita ce kalmar *per* da sunan inda za ka, da muryar tambaya: *Scusi, per il rifugio Locatelli?* (gafara dai, ta ina ake zuwa masaukin Locatelli?). Ba aikatau, ba komai, kuma haka 'yan ƙasar kansu suke tambaya. Sai *Dov'è il sentiero per Vernazza?* (ina turbar Vernazza?), da *È lontano?* (da nisa?), da *Quanto manca?* (saura yaya a isa?). Ta ƙarshen nan za ka ji ana ta jefa wa masu saukowa.

Amma wadda ta fi duka amfani ga sabon shiga ita ce tambayar da amsarta "i" ce ko "a'a". Ka nuna hanyar da yatsa ka ce *Vado bene per Nocelle?* (na kama hanyar Nocelle daidai?) ko *È questo il sentiero 101?* (wannan ce turba mai lamba 101?). Amsar za ta fara da *sì* ko *no*, ko ba ka gane sauran ba ka samu rabin abin da kake nema. Tambayar "ina ne?" kuwa ƙofa take buɗe wa dogon bayani, wanda shi ne batun tambaya ta gaba.

Ka kuma kula da abin da kake ambata. Kada ka tambayi garin da za ka kwana alhali saura awa shida. Ka tambayi zango na gaba: masauki, mashigi, tafki, ko lambar turba.

Na yi tambayar daidai, sai mutumin ya zubo bayani ba tsayawa. Me zan kama a ciki?

Kada ka yi ƙoƙarin gane kowace kalma. Ka kasa kunne ga rukuni uku. Na farko ɓangare: *destra* dama, *sinistra* hagu, *dritto* ko *sempre dritto* miƙe sak, *indietro* baya, *su* sama, *giù* ƙasa. Ka lura *destra* da *dritto* da "d" suka fara, sukan ruɗa kunnen da bai saba ba. Na biyu alamar wurin da za ka juya: *bivio* mararraba, *ponte* gada, *croce* gicciye, *chiesa* ko *cappella* coci babba ko ƙarama, *cartello* allo, *cancello* ƙyaure, *bosco* kurmi, *prato* filin ciyawa. Na uku ƙananan kalmomin da ke jera tafiyar: *dopo* bayan, *prima di* kafin, *fino a* har zuwa, *poi* sannan.

Rukuni na ukun nan shi ne wanda ake rainawa, kuma shi ke ɓatar da mutane. *A sinistra dopo il ponte* na nufin sai ka haye gadar za ka yi hagu. *A sinistra prima del ponte* na nufin kada ma ka haye ta. Kalma ɗaya ce ta raba su, amma a kan dutse tana iya zama tafiyar awa guda a gefen rafin da ba naka ba. Haka nan *non*, wadda ke zuwa a gaban aikatau ta juya ma'ana: *non prenda il primo, prenda il secondo*, kada ka ɗauki ta farko, ɗauki ta biyu.

Aikatau ɗin da ke yawo a kwatance ba su da yawa: *giri* juya, *prenda* ɗauki, *segua* bi, *vada* je ka, *attraversi* haye, *torni* koma. Idan mai maganar ya ɗauke ka sa'ansa za ka ji *gira, prendi, segui, vai, torna*. Gindin kalmar bai canza ba, don haka kada wutsiyar ta dame ka. Ka kuma zuba wa hannunsa ido. 'Yan Italiya da hannu suke rabin magana, kuma idan baki ya ce dama hannu ya nuna hagu, ka sake tambaya.

Idan ban gane ba fa?

Ka faɗa, kada ka gyaɗa kai don kunya. *Non ho capito* (ban gane ba), *Può ripetere?* (a maimaita mini), *Più piano, per favore* (a hankali don Allah), *Parlo poco italiano* (Italiyancina kaɗan ne). In ka buɗe taswira ka ce *Me lo fa vedere sulla cartina?* zai ɗora yatsa ya nuna maka, shi ke nan an huta da magana.

Dabarar da ta fi ita ce ka mayar masa da abin da ka ji a dunƙule, kana nunawa da hannu: *Allora: ponte, sinistra, poi su?* In ka yi daidai zai ce *esatto* ko *giusto*. In ka kuskure zai gyara gurbin da ka kuskure kaɗai, kuma a karo na biyu kowa yakan rage gudu.

Mene ne wannan fentin ja da fari da ake gani a jikin duwatsu da itatuwa?

Alamar turba ce. Ƙungiyar masu hawan dutse ta ƙasar, Club Alpino Italiano, wadda ake taƙaitawa CAI, an kafa ta a Torino a 1863, kuma tsarinta ne aka fi bi. Zane biyu, fari da ja, na nufin kana kan hanya. Zane uku, ja, fari, ja, da lamba baƙa a tsakiya, shi ke gaya maka wace turba ce. A zagayen Tre Cime misali, ana tashi daga Rifugio Auronzo a bi 101 zuwa Rifugio Locatelli, a dawo ta 105. Wanda ya riƙe lambobin nan biyu ya riƙe tafiyar.

Saboda haka ka koyi faɗar lambar turbarka: *centouno*, *centocinque*. In ta gagara, ka faɗe ta ɗaya bayan ɗaya, *uno, zero, cinque*, za a gane. Idan ka yi tafiya mai ɗan tsawo ba ka ga fenti ba, ka koma inda ka ga na ƙarshe. Tambayar da za ka yi ita ce *Dove sono i segni?* (ina alamomin?). A yankin Valle d'Aosta launin ya bambanta, rawaya ake amfani da shi. A saman duwatsu inda babu itace kuma za ka ga tsibin ƙananan duwatsu da aka jera, ana ce musu *ometti*.

Me ya sa alluna ke rubuta awa maimakon kilomita?

Domin kilomita ba ta faɗar gaskiya a kan dutse. Kilomita biyu a shimfiɗe rabin awa ce, kilomita biyu a hawa na iya cin awa biyu. Idan allo ya ce 1.30, awa ɗaya da minti 30 yake nufi. Lissafin na mai matsakaicin ƙarfi ne da ke hawa mita 300 zuwa 350 a awa, kuma ba a sa hutu ko ɗaukar hoto a ciki ba. Sabon shiga ya ƙara wa kansa wani abu a kai. Kalmar da za ka gani a littattafan jagora ita ce *dislivello*, wato yawan mitocin hawa ko sauka.

Kalmomin lokaci: *un'ora* awa ɗaya, *mezz'ora* rabin awa, *un quarto d'ora* minti 15, *un'ora e mezza* awa ɗaya da rabi. Lambobi daga ɗaya zuwa goma: *uno, due, tre, quattro, cinque, sei, sette, otto, nove, dieci*. Sai *venti* 20, *trenta* 30, *quaranta* 40, *cinquanta* 50. Idan ɗan yankin ya ce maka *dieci minuti* ko *due passi* (taki biyu), ka ɗauke ta kamar "nan kusa ne" ta mutumin ƙauye. Ba ƙarya yake ba, da ƙafarsa ya auna.

Haruffan T, E, EE da EEA fa?

Ma'aunin wuyar turba ne na CAI. T hanya ce mai faɗi da kowa zai iya bi. E turba ce ta tattaki sosai, tana son takalmi mai kyau da ɗan sabo. EE ta ƙwararru ce, akwai tsayi da santsi da wuraren da sai an sa hannu. EEA kuwa ita ce *via ferrata*, inda ake bin wayar ƙarfe da tsani a jikin dutse, ba a shigarta sai da hular kwano da ɗamara da ƙugiyoyi. Mai fara koyo ya tsaya a T da E.

Kafin ka ɗauki turbar da ba ka sani ba, ka tambayi mai saukowa: *È difficile?* (da wuya?), *È ripido?* (hawan a tsaye yake?), *È esposto?* Ta ƙarshen tana nufin ko akwai inda turba ke bin bakin rami mai zurfi. Wanda tsayi ke sa wa jiri ya haddace *soffro di vertigini*.

Sunayen wurare a taswira sun yi yawa. Akwai waɗanda ke maimaituwa?

Akwai, kuma saninsu yana mayar da taswira abin karantawa. *Rifugio* masauki ne mai ma'aikata, da abinci da gado. *Bivacco* ɗan ɗaki ne na fakewa, ba kowa a ciki, ba abinci. Kada ka haɗa su, wanda ya nufi *bivacco* da niyyar cin abincin rana zai kwana da yunwa. *Malga* wurin kiwon shanu ne na bazara inda ake yin cuku, wasu suna sayar da abinci. *Lago* tafki, *torrente* ƙorama, *cascata* inda ruwa ke zubowa daga tsayi, *valle* ko *val* kwari, *cima*, *vetta*, *punta* duk ƙololuwa.

Mashigin da ke tsakanin duwatsu biyu shi ya fi yawan sunaye, kowane yanki da nasa: *passo* ko'ina, *forcella* a tsaunukan Dolomiti, *colle* ko *col* a yamma, *bocchetta* a Lombardiya, *sella* nan da can.

Allon yana ɗauke da sunaye biyu ko uku ga wuri ɗaya. Wanne zan bi?

Ka shiga Alto Adige ke nan, wato Tirol ta Kudu. Yankin yana ƙarƙashin Ostiriya har ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar 1919 ce ta ba Italiya shi, kuma har yau mafi yawan mutanensa Jamusanci ne harshensu na gida. Shi ya sa Bolzano ita ce Bozen, Alpe di Siusi ita ce Seiser Alm, Tre Cime su ne Drei Zinnen, Rifugio Locatelli kuma Dreizinnenhütte. A wasu kwaruruka akwai harshe na uku, Ladino: garin Ortisei shi ne St. Ulrich, shi ne kuma Urtijëi.

Wani allon katakon da Jamusanci kaɗai za ka same shi. Ka rubuta sunayen biyu tun kafin ka tashi, kuma ka dogara da lambar turba, ita ba ta da harshe (duba tambayar fentin ja da fari). Za a gaishe ka da *Grüß Gott*, amma in ka amsa da *buongiorno* ka yi tambayarka da Italiyanci kusan kowa zai gane.

Na iya Faransanci. Zai rage mini aiki?

Ƙwarai. Ɗan Nijar ko Cadi ko Kamaru da ya yi boko da Faransanci zai ga fuskokin da ya sani: *sentiero, rifugio, ponte, lago, destra* duk suna da 'yan'uwa a can. A Valle d'Aosta, wajen Courmayeur da Monte Bianco, Faransanci ma harshen hukuma ne. Sai dai hagu ta bambanta gaba ɗaya, *sinistra* ce. *Salire* hawa ne, ba ɓata abu ba. *Fermata* wurin tsayawar bas ne, ba rufewa ba. Mai Turanci kuma ya yi hattara da *caldo*: zafi take nufi, sanyi *freddo* ne.

Yaya zan tambayi ruwa da abinci, musamman ni da ba na cin alade?

Ruwa tukuna. *L'acqua è potabile?* (ana shan ruwan nan?). Idan ka ga *non potabile* a jikin famfo, kada ka sha. *Posso riempire la borraccia?* (in cika gorata?). A ƙauyuka akwai *fontana* ta jama'a da yawa, amma a saman Dolomiti dutsen yana shanye ruwa, masaukai da dama na kwalba suke sayarwa. Kada ka fita da rabin gora kana sa ran ƙorama.

Abincin tsauni kuwa alade ya ratsa shi ta ko'ina, kuma ba koyaushe sunan *maiale* ke fitowa ba. *Speck, prosciutto, pancetta, guanciale, salsiccia, salame, lardo* duk alade ne, *strutto* kuma kitsensa, ana sa shi a wasu nau'o'in burodi. *Canederli*, curin burodin da ake yi a Trentino da Alto Adige, yawanci da *speck* a ciki, sai dai akwai na cuku da na alayyafo, ka kuma tambayi romon da aka zuba su. Ka ce *Non mangio maiale* (ba na cin alade), *C'è carne?* (akwai nama a ciki?), *Senza alcol*. *Polenta* da cuku ko da naman kaza na daji, wato *funghi*, ita ce mafita a wurare da yawa. In aka miƙo maka ɗan ƙaramin kofi bayan abinci, *grappa* ce, barasa mai ƙarfi. *No, grazie* ta wadatar.

Mai son kwana ya kama wuri tun da wuri. Yawancin masaukan sama daga tsakiyar Yuni zuwa ƙarshen Satumba suke buɗe, kuma a Agusta cika suke. *Ho prenotato* (na kama wuri), *Avete posto per stanotte?* (akwai gurbi yau da dare?). Don salla: *C'è un posto tranquillo per pregare?* (akwai wuri mai natsuwa da zan yi salla?). Ka riƙe tsabar kuɗi, *contanti*, ba ko'ina na'urar kati ke aiki ba.

Waɗanne allunan gargaɗi ne bai kamata in wuce ban karanta ba?

*Sentiero chiuso*, an rufe turba. *Frana*, zaftarewar ƙasa. *Caduta massi*, duwatsu na faɗowa. *Pericolo*, haɗari. *Vietato* ko *divieto*, an hana. *Proprietà privata*, filin wani ne. *Deviazione*, an karkatar da hanya. A Cinque Terre ana yawan rufe sassan turbar bakin teku bayan ruwa mai yawa, wasu sassan kuma sai da kati na kuɗi, kuma an hana bin turbobin da silifas, har tara ake ci. Kafin ka tashi ka tambaya: *È aperto il sentiero?* (turbar a buɗe take?).

Yaya zan tambayi yanayin sama?

Mai kula da masauki, *il gestore*, shi ne wanda za ka tambaya, kuma in ya ce kada ka tafi, kada ka tafi. *Che tempo farà oggi pomeriggio?* (yaya sama za ta kasance da yamma?). Kalmomin da za ka saurara: *temporale* hadari mai tsawa da walƙiya, *pioggia* ruwa, *nebbia* hazo, *vento* iska, *neve* dusar ƙanƙara, *ghiaccio* ƙanƙarar da ta daskare. A tsaunukan Alfs lokacin bazara hadari da rana tsaka zuwa la'asar yakan haɗo, shi ya sa 'yan ƙasar ke sammako. A farkon Yuni kuma ka tambayi *C'è neve sul sentiero?* ko da a kwari zafi ake yi. Kalmar *tempo* tana nufin yanayi, tana kuma nufin lokaci, sai ka duba wanne ake magana a kai.

Na ga allo mai hoton kare da tumaki. Me yake cewa?

Yana gargaɗi ne kan *cani da guardiania*, manyan fararen karnukan da ke gadin garke daga kyarkeci, musamman a Abruzzo wajen Gran Sasso da Maiella, yanzu har da wasu sassan Alfs. Aikinsu suke yi. Kada ka ratsa tsakiyar garke, ka zagaye shi daga nesa. In kare ya taso, ka tsaya cak, kada ka ruga, kada ka ɗaga sanda, kada ka duƙa neman dutse, domin duk wannan tsokana ce a wurinsa. In makiyayin na kusa: *Può richiamare il cane?* (a kira karen), *Posso passare?* (in wuce?).

Idan na ɓace ko wani ya ji rauni fa?

Namiji ya ce *Mi sono perso*, mace *Mi sono persa*: na ɓace. Kiran agaji *Aiuto!* Lambar gaggawa 112 ce, 118 kuma ta asibiti. Su ke tura *Soccorso Alpino*, masu ceto a tsauni. Abin da za a fara tambayarka shi ne inda kake, a nan ne lambar turba da sunan masaukin da ka baro ke ceton rai: *Siamo sul sentiero 105, dopo il rifugio*. Sai *C'è un ferito* (akwai mai rauni), *È caduto* (ya faɗi), *Non riesce a camminare* (ba ya iya tafiya), *Siamo in tre* (mu uku ne). In Italiyancin ya ƙare ka ce *inglese* ko *francese*. Bayan kiran kada ka bar wurin, kada kuma ka cinye cajin da wasu kiraye-kiraye.

In babu sabis (*non c'è campo*), akwai alamar da masu tsauni suka sani: busa usur ko haska tocila sau shida a minti ɗaya, a dakata minti ɗaya, a sake. Amsa sau uku ce a minti. Idan jirgi mai saukar ungulu ya zo, ɗaga hannu biyu sama na nufin muna son taimako, hannu ɗaya sama ɗaya ƙasa na nufin ba ma buƙata. Wasu yankuna sukan caji kuɗi mai yawa idan aka ɗauko mutum lafiyarsa ƙalau saboda ganganci, don haka inshora ba asara ba ce. Kuma tun kafin ka fita, ka gaya wa wani turbar da za ka bi da lokacin da kake sa ran dawowa.

Yaya zan haddace duk wannan kafin tafiya?

Ka ɗauki tafiyar da za ka yi ta gaske ka rubuta ta da Italiyanci a 'yar takarda: sunayen zango, lambobin turba, inda za ka yi dama da hagu. Ka riƙa yi wa kanka kwatance da ƙarfi a hanyar kasuwa ko makaranta, *destra, sinistra, dopo il ponte*. Ka fi ba kunne lokaci a kan baki: ka nemi bidiyon 'yan ƙasar suna kwatanta turba, ka ƙirga kalmomi nawa ka kama daga rukunan nan uku da aka ambata a sama. Takardar ta zauna a aljihun riga, ba a gindin jaka ba.

Na sauko lafiya, amma a wani gari daban. Yaya zan tambayi motar komawa?

Turbobi da yawa ba sa dawo da kai inda ka tashi. Sentiero degli Dei a gaɓar Amalfi daga Bomerano yake farawa ya ƙare a Nocelle, daga nan ko ka jira bas ko ka sauka matakala fiye da 1,000 zuwa Positano. Tambayoyinka su ne *Dov'è la fermata?* (ina bas ke tsayawa?), *A che ora è l'ultimo autobus?* (ƙarfe nawa bas na ƙarshe?), *Dove si compra il biglietto?* (ina ake sayen tikiti?). Sau da yawa a shagon taba mai allon harafin T ake sayarwa, kuma tikitin takarda sai ka buga shi a na'ura in ka shiga. Wanda ya hau da *funivia* ko *seggiovia*, wato akwati ko kujerar da ke tafiya a kan waya, ya tambayi *l'ultima corsa*, sauka ta ƙarshe, tun yana ƙasa. Da yawa kafin magariba suke tsayawa.

Jadawalin da ke manne a tasha da awa 24 yake aiki, 17.30 biyar da rabi ce ta yamma. *Feriale* ranakun aiki ne, Litinin zuwa Asabar. *Festivo* Lahadi ce da ranakun hutu, har da 15 ga Agusta da suke kira Ferragosto. *Giornaliero* kullum. *Scolastico* kuwa sai ranar da ake makaranta, don haka a Yuli da Agusta ba zai zo ba. In ka ga *sciopero* a manne, yajin aiki ake yi, sai ka shiga shagon shayi mafi kusa ka ce *Mi può chiamare un taxi?* (a kira mini tasi).